Yadda za ka nemo kiɗan gem ɗin da ya maƙale maka a kai, ka tara shi a waya

Shekaranjiya da dare muna zaune a fada nan kartiye Zariya, kuran ya tahi kamar yadda ya saba in zafi ya matso, ana jiran shayi na biyu, sai wani abokinmu ya kama fito da baki haka kawai, shi kanshi bai san shina yi ba. Wallahi bai kai rabi ba mu huɗu munka kama mishi. Kiɗan Mario ne, na matakin farko, wanda kowa ya sani. Mai shayi har da cewa ku bar fito da dare kar ku kira mana abin da ya fi ƙarfinmu, amma shi ma ƙafarshi na bugun ƙasa. Mutumin da ya faro fiton nan yanzu buhunan taki da iri yake saidawa a babbar kasuwa, ga mata ga ɗiya uku, rabonshi da manet ya fi shekara 15, in ka tambaye shi lambar matarshi sai ya duba portabul, amma kiɗan da ya ji tun shina CM1 ko ɗigo bai ɓata mishi ba.

Daga nan na buɗe musu dosiyen da ke cikin wayata, inda na daɗe ina tara irin waɗannan kaɗe-kaɗe, sai tambaya ta yi yawa, ina ka samo wanga, ya sunan wancan, turo mani. To maimakon in yi ta maimaita bayani ɗaya ga kowa, bari in rubuta shi nan gaba ɗaya, wanda ya ga zai amfane shi shi ɗauka.

Abu na farko, kar ka faro da intanet. Na san hannu na ƙaiƙayin a je a rubuta a ga waɗanne ne kaɗe-kaɗen gem da sunka fi kowane daɗi a duniya, za ka samu jeri iri-iri, amma na wasu mutane ne da sunka tashi a Amurka ko Japan, da injinan da mu ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Ɗauki takarda ko ka buɗe wurin rubutu a waya, ka zauna ka tuna injinan da kai ka taɓa da hannunka. Ni nawa ga su: waccan 'yar na'ura mai kaset rawaya da ake shigowa da ita ta Jibiya da Ɗan Isa, wadda anka rubuta ma kwalinta wai gem 9999 ne a ciki alhali guda biyar ne ake ta juya musu suna, sai Sega a gidan wani ɗan ajinmu, sai Play 1 da Play 2 a gidan gem inda muke biyan dala 10 a buga mach ɗaya, sai Nokia ta Baba da muke sata mu yi maciji, sai kuma Android na yanzu. Ƙarƙashin kowace na'ura ka rubuta gem ɗin da ka fi ɓata lokaci a kai. Ban ce wanda ya fi kyau ba, wanda ya fi cinye maka kuɗɗin kalaci nake nufi. A nan kiɗanka yake.

Me ya sa abin ke maƙalewa haka

Sai na ɗan tsaya a nan, don in ka gane dalilin, neman zai zo maka da sauƙi kuma za ka san abin da kake saurare.

Super Mario Bros ya fito a 1985, wanda ya tsara kiɗan wani ɗan Japan ne mai suna Koji Kondo, shi ne kuma ya yi na Zelda a 1986. Na'urar Nintendo ta lokacin murya 5 kacal take iya fitarwa a lokaci ɗaya: biyu masu tsini da ke ɗauke da waƙar, ɗaya mai kauri da ke bi ta ƙasa, ɗaya mai shuuu da ake yin ganga da ita, sai ta biyar ta ɗan guntun sauti da anka naɗa. Shi ke nan. Gem ɗin gaba ɗaya da hotunanshi da kiɗanshi wajen kilo-okte 40 ne, hoton da ka tura a WhatsApp da safe ya fi shi nauyi. To wanda aka ba wanga ƙunci ba shi da inda zai ɓoye, ba goge ba algaita ba mawaƙa, dole karin kanshi shi yi daɗi har yaro shi iya rera shi da baki. Ni kullum Ɗan Maraya Jos yake tuna mani, kuntigi tsirkiya ɗaya ce, amma wa ya taɓa jin ta ya mance? Shekara 38 bayan haka, a 2023, babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa kiɗan nan na Mario cikin sautukan da ƙasar ke adanawa, shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Sai maimaici. Waƙar da kake so a rediyo sau nawa za ka ji ta a yini, biyu, uku? Amma matakin da ya gagare ka a Contra, kana mutuwa ana maido ka farko, kiɗan na sake tashi daga farko, a vakans ɗaya ka ji shi sau ɗari nawa? Ko karatun allo haka yake zama a kai.

Amma babban dalilin a ganina shi ne hannu. Kiɗan gem ba zaune kake jin shi ba kana kallon sama, kana cikin aiki ne, yatsu na motsi, zuciya na bugawa. Mu ai mun san wanga tun kafin a ƙera tele. Matan da ke daka suna lugude, taɓarya na faɗuwa daidai da waƙa, ko manoma a gayya makaɗi na bin su a baya da ganga, in ka kaɗa ma tsoho kiɗan noma yau shina zaune a kan tabarma za ka ga kafaɗarshi ta motsa, jikin ne ya riƙe, ba kunne kaɗai ba. Haka yatsana na dama ke yi in na ji kiɗan Green Hill na Sonic, wanda Masato Nakamura ya yi a 1991, sai in ji shina neman maɓallin tsalle a jikin kofin shayi.

Kuma masu yin gem sun san da haka, da gangan suke wasa da zuciyarka. Tun Space Invaders na 1978, sauti 4 ne kawai ke zagayawa, amma abokan gaba na matsowa suna ƙara sauri. A Mario in lokaci ya rage ƙasa da 100 kiɗan sai shi ruga a guje. A Sonic in ka daɗe cikin ruwa numfashi ya kusa ƙarewa, akwai wani kiɗa da ke tasowa wanda har gobe in na ji shi sai gabana ya faɗi, wanda ya sani ya sani.

Na ƙarshe shi ne take. Duk wanda ya taɓa zuwa filin kokowa nan Maradi ya san kowane gwarzo da takenshi, makaɗa na sakin shi kafin ka hango mutum ka san wa ke shigowa, shi ma mai taken tsikar jikinshi ta tashi. To Street Fighter II na 1991 haka yake, kowane ɗan dambe da ƙasarshi da takenshi, Ryu da nashi, Ken da nashi, Guile da nashi, Chun-Li da nata, kuma in jini ya kusa ƙarewa kiɗan shi ƙara wuta kamar makaɗi ya ga an kusa kaye. Mafi yawan waɗannan taken mace ce ta tsara su, Yoko Shimomura, mu muna can muna ta ihu a gidan gem ba mu sani ba. Ita ce daga baya ta yi na Kingdom Hearts.

Neman suna

To yanzu ga takardarka a hannu. Hanya mafi sauƙi, ka shiga YouTube ka rubuta sunan gem ɗin ka ƙara haruffa uku a gaba, OST. Haruffan nan na nufin ainihin kiɗan da ke cikin gem ɗin, in ba ka sa su ba za a yi ta kawo maka bidiyon mutane suna wasa suna surutu a kai, megarka ta tahi a banza. In gem ɗin ya fito a na'ura fiye da ɗaya, ka ƙara sunan na'urar da kai ka buga, don kiɗan Sega daban yake fita da na Nintendo ko da kari ɗaya ne, kuma kunnenka zai ƙi wanda ba shi ya saba da shi ba, sai ka ji kamar an canza maka mai miya.

In ka mance sunan gem ɗin amma karin na kanka, buɗe manhajar Google, taɓa alamar makirfo, akwai wurin neman waƙa, ka yi ta gunguni ko fito na daƙiƙa 10 zuwa 15. Tun 2020 sunka sa wanga abu. Ba kullum yake kamawa ba, shahararru yake ganewa, kuma ka shiga ɗaki ka yi, ni na gwada a bakin titi kabu-kabu na wucewa ya kawo mani waƙar Indiya.

Sannan ka rarrabe abu biyu, don nan mutane ke ruɗewa. Akwai kiɗan da anka tsara musamman don gem, akwai kuma waƙoƙin mawaƙan waje da kamfani ya saya ya zuba a ciki. Gem ɗin ƙwallo PES da FIFA, da rediyon cikin mota na GTA, gem ɗin nan na satar mota, duk kashi na biyu ne. Waƙar nan ta Brazil da ke tashi a menu na PES 2013, wadda duk yaran gidan gem sunka haddace ba tare da sanin ko kalma ɗaya ba, ta Michel Teló ce, ba Konami, kamfanin da ya yi PES, ta yi ta ba. Irin waɗannan Shazam, manhajar gane waƙa, ke kama su nan take, ka kunna gem ɗin ka kara waya kusa da tele. Taken Champions League kuma da ke sa mu gyara zama kafin mach, wani Bature ɗan Ingila Tony Britten ya tsara shi a 1992, ya gina shi a kan wani tsohon kiɗan Handel, mai tsara kiɗa na Turai na da, PES ta yi shekaru tana amfani da shi kafin lasisin shi koma wurin FIFA a 2018. GTA San Andreas na 2004 kuwa duka biyun gare shi: kiɗan buɗewa nashi ne na kanshi, Michael Hunter ya yi shi, amma abin da kake ji in ka saci mota waƙoƙin mutane ne, sai ka nemi sunan tashar, misali Radio Los Santos, za ka samu jerin duka.

Bari in ba ku labarin wautata. Na yi kusan sati ina neman kiɗan nan na Mortal Kombat mai ihun sunan gem ɗin, na bi OST na ɗaya da na biyu da na uku ɗaya bayan ɗaya, babu shi, har na fara zargin kaina ko mafarki na yi. Ashe ba a cikin gem ɗin da munka buga yake ba. Wasu 'yan Beljiyam ne masu suna The Immortals sunka yi shi, fim ɗin Mortal Kombat na 1995 ya yaɗa shi duniya, mu kuma a gidan bidiyo munka ji shi, kai ya haɗe mana su wuri ɗaya. Don haka in ka nema ka rasa, tambayi kanka ko a fim ne ko talla.

Na Tetris ma akwai abin dariya. Karin da kowa ya sani, wanda ya shahara da Game Boy a 1989, tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha tun ƙarni na 19, sunanta Korobeiniki, kuma ma'anar sunan 'yan koli. Eh, masu yawo da kaya a ka suna talla. Da na gaya ma abokina mai taki sai ya ce shi ya sa tun farko ya ji kiɗan ya kwanta mishi, ashe na 'yan uwanshi ne.

Dabara ta gaba wadda ta fi duka amfani: in ka samu kiɗan da kake so, nemi sunan wanda ya tsara shi, ka bi shi kamar yadda ake bin makaɗi ba bikin ba. Wanda ya so Streets of Rage na Sega shi riƙe sunan Yuzo Koshiro, mutumin da ya ɗauko kiɗan gidajen rawa na lokacin ya cusa shi cikin ɗan guntun injin Yamaha mai murya 6, na biyun da ya fito a 1992 har yau in ka sa shi a bafil sai a ɗauka sabon abu ne. Wanda ya so Final Fantasy shi riƙe Nobuo Uematsu. Sunan mutum ɗaya zai buɗe maka ƙofa goma.

Saukewa da ajiya, da wayon mega

Nan ne talaka ke buƙatar lissafi. Kar ka riƙa kallon bidiyo don jin kiɗa, hoto ne ke shan forfe. Sauti zalla ka nema. A ma'aunin ingancin sauti na 128 kbps minti ɗaya wajen mega 1 ne, kenan kiɗa mai minti 3 mega 3, in ka ɗauki na 320 zai kai mega 7. Ga tsoffin kaɗe-kaɗen Nintendo da Sega 128 ya isa har ya yi yawa, babu abin da za ka ƙara ji. Manyan na zamani masu taron makaɗa da mawaƙa, irin God of War ko Skyrim, su ne sunka cancanci mai nauyi in kana da wuri. Ka jira forfen dare in layinka na yi, ko ka lallaɓa inda ke da wifi, ka jera abin da kake so tun da rana don kar ka tsaya tunani rezo na gudu.

Yawancin manyan kamfanoni yanzu sun zuba kaɗe-kaɗensu a Spotify da YouTube da kansu, can ya fi tsabta kuma haƙƙin mai abu bai hau kanka ba. Masu aiki su kaɗai irin C418 na Minecraft da Toby Fox na Undertale suna saida nasu a shafin saida kiɗa na Bandcamp, wanda Allah ya hore ma hanyar biya shi saya, gumin mutum ne. Abin da zan ja kunne a kai shi ne shafukan nan masu maɓallin telesharje guda biyar manya-manya kore da ja, ka taɓa ɗaya a buɗe maka shafin caca, ka taɓa wani a ce wayarka na da ciwo sai ka sauke magani. In abin da ya sauko sunanshi ya ƙare da apk alhali kiɗa ka nema, manhaja ce ba kiɗa ba, goge shi kar ka buɗe.

Kuma kar ku yi ta saye kowa da nashi. A fada ku raba aiki, wane shi sauke na Sega, wane na Play 2, a haɗu a tura ta Xender ko Bluetooth. Ai haka waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Nijar, sunka zagaye ƙasar nan daga waya zuwa waya tun kafin Turawa su san da shi.

Wata hanyar da ba ta cin ko mega ɗaya: cikin gem ɗin kanshi. Shiga wurin saiti, sashen sauti, za ka ga an raba kiɗa daban, ƙarar harbi da duka daban, muryar masu magana daban. Kashe biyun ka bar kiɗa, ka tsaya wuri ɗaya ka saurara. Ƙanena da ke kwana a kan Free Fire na sa shi ya yi haka, ya ce Yaya wallahi shekara biyu ina wanga gem ban taɓa sanin akwai kiɗa mai daɗi haka a ciki ba. Tsoffin gem da yawa ma suna da wurin gwajin sauti a menu, Streets of Rage na da shi, kana danna lamba kiɗa na canzawa.

Batun ajiya kuma, ku ji abin da ya same ni. Na sayi kart memwar a hannun wani mai tebur, an rubuta giga 32, araha kamar kyauta, na kwashe tarin da na yi wata da watanni ina yi na zuba a ciki na goge na waya don in samu wuri. Bayan kwana uku na buɗe, sunaye na nan reras amma ko ɗaya ba ya tashi. Kart ɗin ƙarya ce, cikinta bai kai abin da anka rubuta ba. Na koma wurin mutumin ya ce shi ma haka ya saro. Tun ranar nake ajiye komai wuri biyu, waya da kile USB, kuma sabuwar kart sai na cika ta da bidiyo na gwada kafin in yarda da ita. Sunaye ma ka gyara su tun ranar da ka sauke, sunan gem sannan sunan mataki, in ba haka ba wata rana za ka tarar da track 07 guda goma sha ba ka san na wa ne ba.

Yadda ake sauraro

Lasifikar waya ba ta fitar da muryar ƙasa, ita kuwa a tsoffin kaɗe-kaɗen nan rabin daɗin a can yake. Nemi ekuter ko da na jaka ɗaya ne. Ka ji kiɗa ɗaya sau uku: na farko ka bi karin sama wanda ka riga ka sani, na biyu ka toshe kunnenka daga shi ka bi mai kaurin nan na ƙasa kaɗai, na uku ka bi ganga. Ranar da na fara yi ma kiɗan Mario na cikin rami haka na yi mamaki, ashe kusan rabinshi shiru ne, 'yan sautuka ne ke faɗowa sannan a bar ka da tsoro.

Ƙarar kuma a sassauta, hukumar lafiya ta duniya na ba da shawarar kar a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Kuma don Allah ban da a kan moto. In an kira salla a kashe, in a gidan da ba a son kiɗa kake ka bar shi a kunnenka, ba sai an yi rigima da tsoho a kan Sonic ba.

Kowane da lokacinshi. Kiɗan gem da yawa an yi shi ne don shi raka ka ba tare da ya ɗauke maka hankali ba, kuma babu kalmomi, shi ya sa yake tafiya da karatu. Wata ƙanwarmu da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na Minecraft take sawa in tana bita, piyano ne a hankali kamar ɗigon ruwa daga indararo. In aikin ƙarfi ne ko wankin moto, Koshiro. In dare ya raba kana kan tabarma a tsakar gida zafi ya hana barci, nemi na The Last of Us na 2013, wani ɗan Ajantina Gustavo Santaolalla ya yi shi da wata 'yar garayar ƙasar Bolibiya da ake kira ronroco, in ka rufe ido sai ka rantse wani ne ke taɓa gurmi a bayan katanga. Amma kar ka sa kiɗan babban dodo na ƙarshen gem lokacin barci, na gwada, mafarkin gudu na kwana yi.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa, ko da wasu za su ƙi: kiɗan gem ɗin da ba ka buga ba ba ya kama ka kamar wanda ka buga. Na saurari na Final Fantasy VII, na yarda gwaninta ce, amma ban taɓa tsintar kaina ina fitonshi a wanka ba, alhali wani ɗan kiɗan banza na menu a PES 6 na nan daram, don shi yana da warin ɗakin nan mai rufin kwano da fanka ɗaya da yara goma sha a kan benci ana jiran layi. Saboda haka in wani sabo ya burge ka, in da hali nemi gem ɗin ka buga ko na awa biyu ne, sannan ka koma ma kiɗan ka ji bambanci.

In kuma akwai waƙa da baki a ciki, bincika ma'anarta kafin ka mai da ita sonori. Misali Baba Yetu na Civilization IV, 2005, wanda Christopher Tin ya tsara, shi ne kiɗan gem na farko da ya ci kyautar Grammy a 2011, da Swahili ake rera shi kuma daɗi gare shi ba kaɗan ba, amma addu'ar Kiristoci ce, gara ka sani tukuna sannan ka yanke ma kanka. Su ma kamfanonin abin ya taɓa ritsawa da su: a 2008 Sony ta janye LittleBigPlanet ta jinkirta fitowarshi saboda an gano wata waƙar Toumani Diabaté na Mali da ke ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani, sai da anka cire muryar. A shekarar nan dai Far Cry 2 ya fito da muryar Baaba Maal na Senegal a ciki. Kenan kiɗan yankinmu ya daɗe da shiga gem, saura ranar da za mu ji kalangu na ƙara sauri don jinin ɗan wasa ya kusa ƙarewa, yaran da ke koyon kwamfuta a garin nan ku ji da kyau.

Jiya da na gama jera dosiyen sabuwar kart, na sa na Mario a ɗan bafil ina gwadawa a tsakar gida, Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, kai, wanga ba shi ne abin da ya hana ka cin jarrabawa ba? Na ce shi ne Inna. Ta ce to rage shi, sannan ta ci gaba da tuƙi, ina kallon muciyar tana tafiya daidai da kiɗan.